Tagar Baba Gilashi

Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, haka Uwar Biyu ta tsallaka layin, almakashin ɗinki a hannunta, ta banka ƙofar Baba Gilashi ko sallama babu. Ta same shi zaune daram a bakin gado yana kurɓar shayi.

"Lafiya, Uwar Biyu? Yanka ni kika zo yi?"

"Baba, rana ta ɗaga tagarka ba ta washe ba. Na ɗauka..."

"Wuta aka ɗauke, 'yata, ba ni ba."

Tagar ba irin ta kowa ba ce. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin bincike yana koya wa gilashi yadda zai tare haske ko ya sake shi, da ya yi ritaya kuma ya kafa guda a ɗakinsa, daidai saitin keken ɗinkinta. In babu wuta, gilashin fari fat yake kamar madara. In ya danna makunni, sai ya washe tas. Ya sha yi mata bayani cewa wasu ƙananan ƙwayoyi ne a ciki, a warwatse suke, haske ya shigo ya ɓata hanya. In an ba su wuta sai su yi sahu ya wuce. Ita dai abin da ta riƙe shi ne, in taga ta washe da safe, Baba ya tashi.

Tun rasuwar matarsa ya faɗa mata damuwarsa ba kwana-kwana. Ɗan ƙanensa na kwana da shi, amma da rana yana wurin aiki, 'yarsa kuma tana nesa. Mutuwa ba ta ba shi tsoro. Abin da yake gudu ta zo masa ba kowa a ɗakin. Uwar Biyu ta yi masa alkawari, kuma alkawarin ya tsaya mata a rai.

Ranar da aka ɗauke wutar, ya daɗe yana kallon ƙafarta marar takalmi.

"Aikin nan baibai na yi shi," ya ce. "Ranar da zan fi buƙatarki, ranar ce ba zan iya kai hannu bango ba."

Duk da ciwon da yake fama da shi ya riga ya cinye shi, ya sa ta jawo masa akwatin kayan aikinsa. Hannunsa na rawa, ita ke riƙe waya yana narka dalma, yana yi mata tsiya wai ta fi iya riƙe allura. Ya haɗa tagar da batir, ya ƙera wani ɗan makunni da ke cika tafin hannu. Muddin yana matse da shi, taga fara ce. Ya saki, ta washe.

"To in barci ya kwashe ka fa?"

"Sai ki zo ki tashe ni. Amma ki sa takalmi."

Barcin kuwa ya sha jawo ta. Ta zo ta tarar yana minshari, ta gyara masa bargo, ta koma tana mita, ranta fes.

Wata ranar da la'asar tana kan kafa hannun riga, ta ɗaga kai ta ga tagar na washewa. Ta hango gadon, ta hango shi, idonsa biyu yana kallon ɓangarenta. Wannan karon ba ta yi gudu da almakashi ba, ta ajiye shi ta tsallaka.

Makunnin na kan bargo. Ta zauna ta sa hannunta a cikin tafinsa, inda makunnin yake ɗazu.

"Ya yi aiki?" ya tambaya, da ƙyar ake jinsa.

"Ya yi, Baba. Ga ni."

Ta kira 'yarsa ta kara masa wayar a kunne. Ya saurari muryarta yana murmushi, Uwar Biyu na yi masa addu'a a hankali, har hannunsa ya saki nata.

Ta yi kuka mai isarta, amma zuciyarta a sanyaye take. Da ɗan ƙanen ya iso, ya miƙa hannu zai matse makunnin don a rufe ɗakin, ta ce ya bari tukuna. Rana ta shigo ta kwanta a kan bargon, ta kai har bakin ƙofa, inda takalmanta biyu ke ajiye.