Nonon Zuera

Cokali na kan hanyar bakin Zuera lokacin da Ruhaina ta sake ganin farin abin nan da ya lulluɓe mata harshe, sai ta kasa yin shiru. Dama Ruhaina mai koko ba ta iya ganin abu ta wuce, duk unguwar Maamobi an san ta da tambaya. Ɗakunansu na jere a gidan haya ɗaya, kuma tun da ciwo ya kwantar da maƙwabciyar tata ita ke kawo mata koko.

"Yaya Zuera, ni fa ban gane ba. Tari ya tafi, zawo ya zo. Zawo ya tafi, ga baki. Ke da kike ɗaukar dilar atamfa a kasuwar Tudu kamar namiji?"

Zuera ta juyo ta dube ta.

"Ƙanjamau ne," ta ce. "Shi ya ɗauke mijina Moro. Sai bayan ya rasu aka gwada ni."

Ruhaina ta ji tsoro, amma son sani ya fi tsoron ƙarfi. Ta gyara zama.

"To shi ne yake kawo tarin?"

"A'a. Shiga jini yake ya yi lamo, shekaru kina tafiya garau. A hankali yana cinye sojojin da ke tsare jiki. In sun ƙare, kowace ƙaramar cuta ta zo sai ta samu ƙofa a buɗe. Akwai magani mai danne shi. Na sha, na ji ƙarfi, na ce na warke, na bari."

"Ei! To kofin da muke sha tare? Sauron babbar kwatar nan fa?"

"Babu ko ɗaya. Jini ne, da kwanciyar aure, da allura ko reza da wani ya yi amfani da ita. Da haihuwa. Da nono."

Ruhaina ta ajiye cokalin. Lokacin da ta haifi 'yarta Zelia, zazzaɓi ya kwantar da ita, nononta ya ƙafe. Zuera, da nata jaririn bai zo da rai ba, ita ta ɗauki yarinyar ta sa a ƙirji har uwar ta miƙe. Har yau Zelia, da ta shiga makaranta, Mma take ce wa Zuera.

"Wallahi lokacin ban sani ba, Maman Zelia. Bayan na sani kuma na kasa faɗa miki. Ki kai ta a gwada. Kada in tafi ban ji ba."

Haushi ya turnuƙe Ruhaina, ta fita ko kwanon ba ta ɗauka ba. Washegari ba ta dama koko ba, ba ta leƙa ɗakin ba, ta ja hannun yarinyar suka hau motar haya, trotro.

A asibiti nas ta huda yatsar Zelia, ta ɗiga jinin a kan wani ɗan farin abu. Ruhaina mai tambaya ba ta tambayi komai ba, salati kawai take yi.

"Ba ta da shi," in ji nas. "Yana bin nono, amma ba kowane yaro yake kamawa ba."

A hanyar dawowa haushin ya zube, tausayi ya maye gurbinsa. Ta ƙagu trotro ya fita daga cunkoson unguwar Nima ta kai labari.

Takalman mata ta tarar jibge a ƙofar ɗakin Zuera. An riga an ɗora ruwan wankan gawa a wuta, matan gidan kuma sun yi cirko-cirko, kowa na jiran wata ta fara shiga.

Ruhaina ta ɗaura zani, ta sa safar roba a hannu, ta ɗauki bokiti ta shiga. Kafin ta zuba ruwan farko ta sunkuya daidai kunnen Zuera.

"Yaya, 'yarki lafiya lau take."

Sannan ta taɓa ruwan da bayan hannu, ta ji ya yi zafi, ta sirka shi da na sanyi.