Muryar Kafinta a Cikin Keji

Mijina kafinta ne, kuma da ya rasu ya bar mini halittu biyu da ban taɓa nema ba: aku a keji a baranda, da wani jan kare mai gadin katakonsa a tsakar gida. Akun muna shiri da shi. Karen kuwa shekara tara muna gida ɗaya ko yatsana bai taɓa shi ba, don ni ba mai son karnuka ba ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Kafinta yana da wata ƙa'ida a kan cin abincin karen. An taɓa jefa wa karen maƙwabcinmu nama mai guba, aka kwashe masa kayan aiki, shi ya sa ya horar da nasa. In ya dire kwano a ƙasa, sai ya daka tsawa, "Bari!" Karen ya zauna yana haɗiyar miyau. Ba zai ci ba sai Kafinta ya ɗora masa tafin hannu a ka. Na sha yi masa tsiya, in ce ko 'ya'yansa bai yi wa wannan tarbiyya ba, ya yi dariya ya ce ai su ba su taɓa jin maganarsa ba.

Kwana uku da rasuwarsa na zuba abinci na kai wa karen. Ina dire kwanon, ƙarfen ya yi ƙara a siminti, sai na ji muryar mijina a bayana, da kaushinta da komai.

"Bari!"

Na waiwaya, babu kowa. Akun ne. Shekara tara yana jin ƙarar kwano tana zuwa da wannan kalma, ya haɗa su ya riƙe. Karen ya zauna, ya zuba wa ƙofar shagon aikin Kafinta da ke cikin gidan ido yana kaɗa wutsiya, yana jiran hannun.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Kullum da safe akun yana yin tarin Kafinta, yana cewa, "Ina kika ajiye mini fensir?" Har amsa masa nake yi. Wani lokaci ma da gangan nake buga kwanon don in ji. Amma karen ya ƙi ci. Na kai abincin can bayan ɗaki, na sauya masa kwano zuwa na roba, duk a banza, don gidan ɗan ƙarami ne kamar tafin hannu, kuma akun yana ganin na ɗauki abinci yake fara tsawa. Ruwa kawai karen ke lasa. Kafin kwana goma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa.

Babbar 'yata ce ta kawo likitan dabbobi, wani dattijo mai magana a hankali. Ya duba karen, ya ce a kawo abinci ya gani. Akun ya yi aikinsa. Na gaya wa likitan zancen hannu, ya gwada da nasa, karen ya yi masa gurnani ya sake juyawa ga ƙofar shago.

"Likita," na ce, "wannan wane irin abu ne? Wanda ya san mutumin ba ya iya cewa uffan, wanda bai damu da kowa ba shi aka ba murya."

"Haka aka halicce su, Mama," in ji shi. "Abin da aku ke yin sauti da shi yana can cikin ƙirji, inda hanyar numfashi ta rabu biyu, yana juya shi yadda ya so, ga harshe mai kauri. Kuma ƙwaƙwalwarsa tana ɗaukar abin da kunne ya ji ta mayar da shi baki, don da haka suke gane 'yan garkensu. Kare da haushinsa aka haife shi, ba koya ya yi ba, ba zai ƙara ko harafi ɗaya a kai ba. Amma ma'anar magana yana riƙe ta sosai. In dai yana jin muryar nan, to a wurinsa mai gidan yana bayan ƙofa, ba zai karɓi hannun wani ba."

"To mene ne maganin?"

"A raba su. In ba haka ba, ban ba shi mako guda ba."

'Yata ta ce, "Umma, ki ba ni akun in tafi da shi gidana, kina zuwa kina ganinsa."

Na tambayi likitan ko zai riƙe muryar a can. Ya ce gidan da ke da yara da rediyo, irin na 'yata, yana da sababbin sautuka da yawa, kuma abin da tsuntsu ya daina samun dalilin faɗa yakan sake shi a hankali. Bai yi mini alkawarin komai ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a kan kare zan rabu da abin da ya rage mini na mijina? Na shige ɗaki na bar su a tsaye. Ta taga nake hango karen kwance a ƙofar shago, haɓarsa a kan wani guntun katako da Kafinta bai gama gogewa ba. Mu biyu abu ɗaya muke yi, muna sauraron keji, sai dai ni ina cin abinci.

Da kaina na rufe kejin da mayafi na miƙa wa 'yata. Suna fita ƙofa na ji shi daga ƙarƙashin mayafin yana tambayata fensir. Ban amsa ba.

Washegari da safe na dire kwanon a siminti. Ƙarar ta tashi ta mutu, babu abin da ya biyo bayanta. Karen ya ɗaga kai ya dubi baranda, ya dubi shago, ya daɗe yana duba, sannan ya dube ni.

"Bari," na ce masa.

Ya ja jiki da ƙyar ya zauna. Na durƙusa, na ɗora tafin hannuna a kansa. Kan da ɗumi, ƙashi ne zalla a ƙarƙashin gashin. Muka jima a haka, hawayena na sauka a kunnensa. Sannan ya sunkuya ya fara ci, ni kuma na bar hannuna a inda yake har ya gama.