Bashin Bindiga

Wasa goma sha biyu Yesenia ke bin yayanta Cheque, ni ce shaida. Jikokina ne. A garejina nan Fresno ta Amurka suka jera kwamfutoci, su biyar da abokansu, wai ƙungiya ce. Ni dai ban san kan abin ba. A wasan kwamfutar, mutum ya mutu, ya tashi, ya sake mutuwa, ana ta ihu. Abin da na tsinta shi ne akwai mai bindiga, akwai mai garkuwa, akwai mai magani da ke bin bayansu tana warkar da su. Kullum Yesenia ce mai magani. In an ci a tafa wa Cheque, in an faɗi a ce ina mai magani take. Duk sanda ta nemi bindigar sai ya ce, "Bar mini na yau, na gobe naki ne." Ina naɗa tamale, alalarmu ta masara, ina ƙirgawa.

Asabar za su yi gasa, wani mutum daga kwaleji zai zo ya ɗauki ɗan wasa ɗaya ya yi karatu kyauta. Na ce yarinyar nan ba za ta tsaya a baya ba. Ranar Alhamis na zare wayar intanet na cusa a aljihu.

Cheque ya shigo kicin. "Tsohuwa mai rigima, ina wayar?"

"Sai ka biya ƙanwarka, ɗan nema. Bindiga tata ce, har da Asabar."

Ya tsaya ya dube ni, sai ya washe baki. "Duka sha biyun? Na biya, Kaka! Yanzu zan aika wa masu gasar sunayen."

Tunda nake ban taɓa ganin wanda ake bi bashi ya biya yana dariya ba. Jikina ya ba ni.

Can sai ga Yesenia daga makaranta, ido ja. "Kaka, me kika yi mini?"

"Haƙƙinki na ƙwato."

"Ai ranar Talata aka sauya wasan! An rage wa bindiga ƙarfi, yanzu mai magani ke juya komai. Ita mutumin kwalejin yake nema."

"Wa ya rage?"

"Kamfanin da ya yi wasan."

"Sun shigo garejina ban sani ba?"

"Kai, Kaka!"

"To ku musanya mana."

"An rufe sunaye."

Asabar na je na zauna a gaba. Ta yi ta harbi kamar mai jifa da wake, shi yana bayanta yana warkarwa, jama'a na kiran sunansa. Mutumin kwalejin lambar Cheque ya karɓa.

Ya cika mata sauran wasannin. Na ƙirga, sha biyu cif, babu inda zan kama shi. Bindiga ya ranta, bindiga ya mayar. Amma har yau in na zo raba tamale, hannuna sai ya tsallake farantinsa.