Zakaran Satur a Cikin Firij

Duk garin Guinobatan babu wanda bai san Lolo Ambo ba, wato Kaka Ambo. Shi ne mutumin da laka ta gangaro daga dutsen Mayon mai aman wuta ta share masa gida da gona da ɓaunar noma, ya kwana a kan bishiyar kwakwa, hannu ɗaya riƙe da jikarsa, ɗayan rungume da zakara. Da gari ya waye ya sauko yana tambayar ko akwai mai taba. Bai taɓa zama a aji ba, kuma bai ga abin da hakan ya rage masa ba. Masu takardun makarantar da yawa suna ƙarƙashin lakar har yau, shi kuwa ga shi nan yana cin shinkafa sau uku.

Jikar tasa Jonalyn ke nan. Lakar ta tafi da iyayenta, shi ya raine ta. Da ta girma ta samu aikin da tsohon bai taɓa fahimtarsa sosai ba, amma yana alfahari da shi fiye da kowa. Tana zaune a ɗakinta da kwamfuta, da wani abu maƙale a kunne, tana amsa wa wani asibitin haƙori na Ostareliya waya. Mai ciwon haƙori ya kira daga can, ta ba shi ranar ganin likita, ya ajiye waya yana zaton tana zaune a ƙofar likitan.

Aikin yana son shiru. Saboda haka Lolo Ambo ya yi abin da babu namijin da ya taɓa yi a unguwar: ya rabar da zakarun faɗansa duka. Ɗaya kawai ya bari, Heneral, jinin wancan zakaran na kan bishiyar kwakwa, shi ma ya kai shi gonar ɗan ƙaninsa can gangaren dutse.

Sai ga labarin biza. Jonalyn ta ce Sifaniya tana karɓar masu irin aikinta: ka zo da aikinka a jaka, ka zauna, ba ka ƙwace wa kowa nasa ba. Ta yi ta zarya tana tara takardu, na 'yan sanda, na lafiya, na banki, ana ta buga musu hatimi. Abu ɗaya ya rage, takarda daga matar da ke da asibitin, mai cewa aikin zai ɗore kuma ta yarda a yi shi daga can. Matar ta ce babu damuwa, a ƙarshen wata za ta sabunta mata kwantiragi ta rubuta.

Ranar bikin waliyyin gari, bammin kwakwa ya ɗan hau wa Lolo Ambo kai. Ya miƙe a tsakiyar mutane ya ce, "Jikata za ta Turai, kuma ba za ta wanke wa kowa masai ba, ba za ta kankare wa kowa tsatsar jirgi ba. A zaune za ta shiga, kamar matar gwamna!"

Gaskiya ya faɗa. Sai dai maƙwabcinsa Satur yana wurin, shi kuma ɗansa Dindo shekara da shekaru yana kankare tsatsa a jirgin ruwan dakon kaya. Satur shi ne uban baftismar mahaifin Jonalyn, don haka shi da Lolo Ambo suke kiran juna Padi, kuma tun suna samari suke neman abin da za su yi wa juna. Satur ya ƙarasa kofinsa ya tafi gida.

Ranar Litinin da safe Lolo Ambo ya fito ya ga an jera 'yan bukkokin zakaru a jikin shinge, daidai ƙarƙashin tagar Jonalyn. Satur ya kwaso su duka daga bayan gidansa. A tsakiyarsu ga Senador, wani jan zakara mai murya kamar ana yanka ƙarfe. In ya yi cara sauran su amsa, in sun amsa ya sake.

"Padi, me ke nan?"

"Iska ta fi kyau a nan," in ji Satur, yana shafa wuyan Senador. "Likitan dabbobi ya ce su riƙa shan hantsi."

"Bayan gidanka rana ba ta fitowa ne?"

"Filina ne ko naka? Ai matar gwamna ba ta rasa fada mai kaurin bango."

Jonalyn ta toshe tagar da katifa. Ta manna kwalayen ƙwai a bango. Ta koma banɗaki da kwamfutar, ta zauna a kan bokiti. Duk a banza, Senador yana ratsa bulo kamar babu shi. Wani mai kira ya tambaye ta ko likitan a gona yake cire haƙori. Wata tsohuwa ta ce ita ba za ta buɗe baki a inda kaji ke yawo ba. Kafin mako ya ƙare mai asibitin ta kira. Ta ce tana son Jonalyn, amma ranar Litinin mai zuwa za ta saurari kiraye-kirayen da kanta. In ta ji kaza ko ɗaya, babu kwantiragi. In babu kwantiragi babu takarda, in babu takarda duk hatiman nan sun zama na kunna wuta.

Jonalyn ta je wurin Satur da kanta, da kwanon kifi a cikin madarar kwakwa. Ta ɗauki hannunsa ta kai goshinta kamar yadda ake gaida manya. Ya karɓi kifin, ya yaba gishirinsa, ya ce zai duba. Da ta juya sai ya ƙaro zakaru biyu da ya aro daga surukinsa.

Ta dawo ta zauna a bakin ƙofa, ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ci wa tsohon rai ke nan.

"Lolo, bakinka ne ya jawo mana."

"Bakina ya faɗi ƙarya ne?"

"Ka je ka ba shi haƙuri. Kalma ɗaya ce."

"Ni? Mayon ma ban ba ta haƙuri ba, Nene jikata, sai Satur mai ƙafar sauro?"

"To ka dafa mana girman kanka mu ci, tunda aikin zai tafi."

Wasu sun ba shi shawarar guba a cikin masara. Ya tofar da yawu. Wanda ya sa wa zakara guba ba ya sake ɗaga kai a garin nan, kuma Satur zai sayo wasu kafin la'asar. Shi ba mutuwar zakara kawai yake so ba. So yake Satur ya kwashe bukkokin nan da hannunsa, mutane suna kallo.

Ya hau babur mai akwati a gefe ya tafi gangaren dutse ya ɗauko Heneral. Zakaran ya kwana biyu a duniya, gashin wuyansa ya fara dusashewa, ya kuma daɗe bai ga fili ba. Ɗan ƙanin nasa, mai kiransa Tiyo, wato baffa, ya ce, "Tiyo, wannan ai sai dai tukunya." Lolo Ambo ya ce haka aka faɗa game da shi ma, kuma duk masu faɗar ya raka su makabarta.

Ranar Lahadi bayan an fito coci, dandalin faɗan zakaru ya cika. Lolo Ambo ya shiga da Heneral a hammata, ya tsaya gaban Satur, ya ɗaga murya yadda na saman benci ma za su ji.

"Padi, ba kuɗi nake so ba. Naka da nawa. In Heneral ya ci, ka kwashe kajinka daga shingena yau ɗin nan, kada su dawo."

"In ya faɗi fa?"

"Su zauna har su mutu, ba zan sake buɗe baki ba. Kuma ka cinye shi."

Dandali ya ɗauki ihu. A wurin nan ba a rubuta komai, hannu kawai ake ɗagawa, amma wanda ya ɗaga hannu ya saɓa, gara ya bar lardin. Satur ya dubi tsohon zakaran, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga hannu.

"Sai dai a dafa shi kwana biyu, Padi. Ya yi tauri kamar mai shi."

Aka ɗaura wa kowanne aska a ƙafar hagu, aka sake su. Senador ya tashi sama tun kafin a ƙifta ido, ya sauko a kan Heneral, jini ya fito wa Heneral a ƙirji. Senador ya sake tashi. Heneral bai bi shi sama ba. Tsofaffi ba sa tsalle, jira suke yi. Ya durƙusa, Senador ya wuce ta kansa, Heneral ya juyo ya kai masa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin fiffike. Suka cakuɗe, ƙura ta tashi, da ta lafa duka biyun suna kwance.

Alƙalin fili ya ɗaga su, ɗaya a kowane hannu, ya haɗa su baki da baki. Ƙa'ida ita ce wanda ya iya kai sara shi ya ci. Kan Senador ya langaɓe. Heneral ido ɗaya ya rufe da jini, numfashi yana fita da ƙyar. Lolo Ambo ya sunkuya a bakin katangar, bai yi ihu ba, ya ce a hankali, "Kai, ba a kan ƙasa kakanka ya kwana ba." Heneral ya miƙa wuya ya sari Senador a ka, ya ƙara.

Al'ada ce gawar wanda aka kayar ta mai nasara ce. Satur da kansa ya miƙo Senador ta ƙafafu, fuskarsa kamar an shafa toka. Heneral kuwa bai kai gida ba. A cikin akwatin babur ya mutu, a cinyar mai shi. Lolo Ambo ya binne shi a gindin kwakwa, bai bar kowa ya taya shi haƙa ba.

Da la'asar ya fito da kujera bakin shinge, ya kira maƙwabta, ya raba musu bammi. Suka zauna suna kallon Satur yana cire turaku yana jidar bukkoki.

"A hankali, Padi, bayanka! Ka bar wancan a rana, likita ya ce su sha hantsi."

Jonalyn ta ce a dafa Senador a wuce wurin. Tsohon ya ƙi. Ya fige shi, ya naɗe a leda, ya tura shi can ƙuryar firij. "Ba zai shiga tukunya ba sai biza ta fito. Ya jira kamar yadda ya sa ki jira."

Ranar Litinin unguwa ta yi tsit, har ana jin faɗuwar ganye. Mai asibitin ta saurara tun safe har azahar, ba ta ji komai ba sai muryar Jonalyn. Takarda ta zo. Jonalyn ta hau motar Manila da jakar takardunta, ta miƙa a ofishin jakadanci, aka ce ta koma gida ta jira.

Jiran ya yi tsawo. Guguwa ta zo ta tsinke wayoyin lantarki, gari ya yi kwanaki babu wuta. Mutane suna neman ruwan sha da kyandir, Lolo Ambo yana bin masu kifi yana sayen ƙanƙara. Kowace safiya sai ya leƙa ta shinge.

"Padi, Senador yana gaishe ka. Ya ce sanyi ya yi masa yawa."

Ranar da fasfo ya dawo da bizar manne a ciki, Jonalyn ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta ƙi yi a baya. Tsohon ya karɓi fasfon, ya riƙe shi a juye, ya ce hoton bai yi kyau ba. Sannan ya tafi ya buɗe firij.

Aka yi walimar ban kwana. An gasa alade, an kawo na'urar waƙa, unguwa duka ta zo. Satur ma ya zo, don uban baftisma ba ya ƙin zuwa irin wannan, in ya ƙi da shi za a yi ta hira har Kirsimeti. Lolo Ambo ya dafa Senador da kansa, da citta da ɗanyen gwanda da ganyen barkono. Ya zuba a kwanon da ya fi kowanne kyau, ya sa a kashe waƙa, ya kai gaban Satur da hannu biyu.

"Padi, kai ne babba a nan. Kai za ka fara."

Satur ya dubi kwanon. Cinya ce, ta hagu, wadda ake ɗaura wa aska. Ba a mayar da abincin da aka miƙo maka a gaban jama'a, balle a gidan 'yar da kake wa kallon jika.

"Lolo, ya isa haka," in ji Jonalyn ƙasa-ƙasa.

"Bai isa ba, Nene. Ko romon bai kurɓa ba."

Satur ya ɗauki cokali. Ya kurɓa. Ya yagi naman yana taunawa, yana taunawa, ya ƙi haɗiyuwa.

"Yaya gishiri?"

"Ya yi tauri," in ji Satur.

"Kamar mai shi," in ji Lolo Ambo. Ya sa aka kunna waƙa, ya karɓi abin magana, ya rera waƙoƙi uku a jere.

Jonalyn ta tafi. Tana can wani gari a bakin teku, tana amsa wa masu ciwon haƙori waya, babu mai jin kaza. Ɗakinta ya zama babu kowa, gidan kuma ba ya bukatar shiru.

A watan da Dindo ya sauka daga jirgi ya dawo hutu, mai son ramuwar barcin shekara guda, Satur ya fito da safe ya ga an jera sababbin bukkoki a jikin shinge, ta ɓangaren Lolo Ambo, daidai ƙarƙashin tagar Dindo. 'Ya'yan Heneral ne daga gangaren dutse, duk sun fara cara.

"Padi! Ba haka muka yi ba!"

"Naka muka ce a kwashe, kuma ka kwashe, ka kyauta," in ji Lolo Ambo, yana watsa musu masara. "Waɗannan hantsi suke sha."