Ruwan Zafin Adda Fatsuma

Duk wanda ya san karar shanu ta Shuwarin ya san Alhaji Bubayero na Kiyawa, dillalin da ko ido a rufe zai shafa bayan bijimi ya faɗa maka shekarunsa. Mutum ne da ya sha da ƙyar sau babu adadi. Bijimi ya taɓa ɗaga shi da ƙaho, mota ta taɓa kifewa da shi a hanyar Garki, ciwon suga ma ya zo da nasa, kuma duk ya ga bayansu.

Shi ciwon sugan ne ya raba shi da teɓa. A da kilo ɗari da arba'in gare shi, in ya shiga adaidaita-sahu ba a ƙara ɗaukar kowa. Likita ya ce ko dai ya rage, ko iyali su fara shiri. Sai ya bar shayi mai suga, ya rage malmalar tuwo, ya riƙa taka sayyada safe da yamma har shekara biyu, ya dawo tamanin cif. Nama ya tafi, amma fata ta ƙi bin sa. Ta zubo masa har cinya kamar ta wuyan bijimi, sai ya naɗe ta kafin ya ɗaure wando. Da zafi kuwa ƙarƙashinta ya yi ta gumi da ƙuraje.

Wani likitan fiɗa da ke zuwa Dutse daga Kano ya duba shi, ya ce za a iya yanke ta. Bai ɓoye masa komai ba. Ɗinki zai tashi daga wannan ƙugu zuwa wancan, cibiya za a sake mata mazauni, zai fita da siraran robobi biyu masu tsiyayar da ruwa, da ɗamara a ciki. Zai yi kwanaki yana tafiya a duƙe, salla a zaune, ba ɗaukar kaya sai bayan mako shida. Ciki zai kumbura kafin ya saɓe. Ya kuma ja masa kunne cewa fatar wurin za ta yi watanni kamar ba tasa ba, don haka kada a kusanto mata da zafi. In ɗinkin ya samu matsala, to kwanciyar wata uku ce.

Bubayero ya gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan lissafin kwanaki. Saura mako takwas layya, kuma shekara arba'in ba a taɓa cin kasuwar jajibirin Babbar Salla babu shi a kara ba. Ya riga ya rantse a gaban abokinsa Barau, wanda suke zama inuwa ɗaya, cewa da ƙafarsa zai shigo, a miƙe kamar sandar rake.

Aka yi aiki lafiya. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne kilo nawa aka cire. Aka ce biyar. Ya ce su sake aunawa, sikelinsu da wasa, shi da ya ɗauki abin shekara biyu ya san ya fi bakwai.

Ya koma gida yana tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. In tari ya zo sai ya rungume matashi. Matarsa Maijidda ce ke zubar da ruwan robobin har ranar da aka cire su. Barau ya zo dubiya, ya gan shi kishingiɗe da ɗamara, an tokare masa gwiwa da matashi, sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Sannu mai jego. Mace aka samu ko namiji?"

Bubayero ya so ya yi dariya, ɗinki ya hana shi. Ya ce Barau ya jira shi a kara.

Abin da ya dame shi kumburin ne. Kwana goma sha biyu, ciki na nan tim kamar ba a taɓa shi ba. Ranar ce yayarsa Adda Fatsuma ta sauka daga Ringim. Ungozoma ce da rabin unguwarsu a hannunta aka haife su, kuma ita ta goya Bubayero. Ta ɗaga ɗamarar, ta latsa, ta ce jini ne ya kwanta. Duk cikin da aka tsaga sai an gasa shi, haka ake yi wa masu jego tun kakanni.

Maijidda ta tuna musu maganar likita, murya ƙasa-ƙasa, don ba a ja-in-ja da yayar miji.

"Likitan nan haihuwa nawa ya karɓa?" in ji Adda. "Ɗora mini tukunya, 'yar nan."

Bubayero kuwa layya yake hange. In gashi zai saɓe kumburin da wuri, to a gasa.

Da hantsi aka zaunar da shi a kan kujera a tsakar gida, ruwa na tururi da ganyen darbejiya a ciki. Adda ta tsoma tsumma da muciya, ta matse da gefen zani, ta danna masa ƙasan cibiya. Ko gezau bai yi ba. Ta sake dannawa. Bubayero ya kalli Maijidda yana murmushi, ya ce su mata da ke cika gari da ihu a kan wannan ɗan ruwan su zo su ga yadda maza ke yi. Ya ce Adda ta ƙara wuta, shi ko sanyi-sanyi ma yake ji.

A tsomi na uku ne tsumman ya ɗiga masa a bayan ƙafa. Ɗigo uku kacal. Bubayero ya kurma ihun da ya tashi kajin gidan duka, ya ɗage ƙafa sama yana kiran sunan Allah.

Adda ta tsaya da tsumma a hannu. Ta kalli ƙafar, ta kalli cikin da ya yi jawur bai ce uffan ba. Tsawon rayuwarta tana gashi, da ihun mai jego take gane inda za ta tsaya. Ta jefar da tsumman cikin tukunya.

"Buba, wannan ba jarumta ba ce, fatar ce ba ta ji. Maijidda, kawo ruwan randa, ki nemo mana mota."

A Dutse likita ya sami bororo biyu kamar ƙwayar dabino, yatsa biyu sama da ɗinkin. Ya ce da an ƙara dannawa sau biyu, da fatar ta mutu an koma ɗakin fiɗa. Ya wanke, ya rufe, ya ƙara masa mako ɗaya a kan shidan. Adda ta zauna ta saurari bayanin da kunnenta, ta kuma ɗauke shi fiye da kowa. Ta tare a gidan, ko kofin shayi ba ta bari ya ɗora a cinya. Kumburin ya riƙa saɓewa da kansa, a hankali, yadda aka faɗa tun farko.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin layya, Bubayero ya sauka a bakin kara cikin sabon kaftani ruwan ƙasa, wanda tela ya ɗinka da rabin yadin da ya saba yanka masa. Ya shigo a miƙe, yana taku ɗai-ɗai don kowa ya gani. Kafin ya kai inuwarsu ya ba mutum shida labarin yadda aka cire masa kilo tara, aka kuma gasa shi da tafasasshen ruwa bai ko ƙifta ido ba.

Sai dai Maijidda ta riga ta kai wa matar Barau labari. Barau ya matsa masa a kan benci, ya ce, "Mai jego an yi arba'in ke nan. To ya ƙafa?"

"Ƙafa lafiya lau," in ji Bubayero. "Ita ta kawo ni nan."

Ya miƙa hannu ya shafa bayan wani farin bijimi da aka ja ta gabansu, ya ce wa mai shi shekara huɗu da rabi, kada ya ce wa kowa uku.