Aljanar da Ba Ta Ba da Haƙuri

Tun da idon tsohon kafinta ya dushe, 'yarsa Auta ce ke karanta masa littattafai. Kullum da yamma sai ta ja benci cikin shagonsa, inda zarto da guduma ke rataye suna tsatsa, ta ɗora daga inda suka tsaya. Littafi ashirin da uku ne a jere, duk labarin wata aljana mai gadin gada da mijinta, ƙaton dodo mai tsoron kaji. Masifaffiya ce ta ƙarshe, ko sarkin aljanu ne zai wuce sai ya goge ƙafa.

"Uwarki ke nan sak," Baba kan ce, yana dariya har da tari. Tun rasuwar Inna abinci ma sai an yi da gaske yake ci, a littafin nan kaɗai yake jin muryarta.

Sai ga na ashirin da huɗu ya fito. Auta sarkin zumuɗi ta leƙa ƙarshensa tun a hanya, ta tarar aljanar ta mutu. Kai, marubucin nan bai da tausayi! Ta ƙudurta Baba ba zai yi rashi sau biyu ba.

Ranar da suka kai wurin, ta kafa wa shafin ido ta shiga shirya nata. Wai aljana ta warke, ta kama hannun dodo ta ce, "Yi haƙuri maigida, na cika faɗa."

"Dakata," in ji Baba. "Littafi ashirin da uku matar nan ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba. Ni ma shekara arba'in ban ji ba. Wannan bakinki ne, Auta." Ya juyo wajenta. "Ta tafi, ko?"

"Ta tafi, Baba."

"To karanta min yadda aka rubuta. Ranar da uwarki ta rasu na fita neman magani, ban samu kalamanta na ƙarshe ba."

Auta ta karanta. Aljana ta buɗe ido da ƙyar, ta harari dodon da ke kuka a kanta, ta ce, "Ka jiƙa min zani. Tashi ka ci abinci, kada in ji ka zauna da yunwa."

Baba ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ita ce, wallahi ita ce," ya ce. "Auta, ina kwanon nan da na ture ɗazu? Miƙo min."