Ƙwallaye Sittin a Baho

Koci ya turo ƙofar zauren wasa da safe, abin da ya gani ya sa jakarsa ta suɓuce daga kafaɗarsa. Yayarsa ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno tsakanin teburan wasa, ta naɗe hannun riga, gabanta baho cike da ruwa mai ɗumi, ƙwallayen tebur farare guda sittin suna ta yawo a kai. Su ne kaf ƙwallayen da za a yi gasa da su da ƙarfe goma.

"Innalillahi! Yaya, kin kashe ni!"

"Kai Auta, sallama ma ta gagara?"

Ita kaɗai ce a duniya take kiransa Auta har yau, duk da furfurar da ke gemunsa. Shi ya samo mata aikin sharar nan bayan rasuwar mijinta, da roƙo da magiya, domin Manaja mutum ne mai tsantseni, ya ce gwajin wata ɗaya zai yi mata, kuskure ɗaya kuwa ta kama gabanta. Yau kwana ashirin da shida. Ga 'ya'ya huɗu a gida, duk ita suke kallo.

Shekara goma sha biyar Koci yana hana ruwa kusantar ƙwallo. Ko gumi ya ɗiga a tebur sai ya tsayar da wasa, don ya san jiƙaƙƙiyar ƙwallo zamewa take a kan raket, abin buga ta. Daga nan ya yanke wa kansa cewa ƙwallo shan ruwa take, ta yi nauyi, ta lalace. Bai taɓa gwadawa ba, haka kawai ya riƙe, haka kuma ya koya wa ɗalibansa.

Yana cikin lalubo su da hannu bibbiyu sai ga takun Manaja. Wallahi Koci ya ji kunyar kansa daga baya, amma a lokacin matsawa ya yi gefe, ya harɗe hannu kamar shi ma yanzu ya iso.

"Baiwar Allah, wa ya sa ki wannan aiki?" in ji Manaja, muryarsa a sanyaye, irin sanyin da ma'aikata suka fi tsoro.

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Jiya ina shara na ji ɗaya tana kuka daban in ta faɗi ƙasa. Na ce a cikinsu akwai mai ciwo."

"Shi ne kika jiƙa su duka?"

"Ai ba sa jiƙa. Duba."

Ta ɗauko ɗaya ta ɗaga. Ruwan ya tsaya a jikinta ɗigo-ɗigo, ta goge da tawul sau ɗaya, ta sake ta a kan tebur. Ƙwallo ta yi tsalle tas, tas, tas, lafiya lau. Koci ya ɗauka ya juya ta, ya kai kunne ya girgiza. Babu komai a ciki sai iska.

Sai ta kama wata da yatsu uku ta danna ta ƙarƙashin ruwa, tana juya ta a hankali, idonta ƙur a kai, ko ƙiftawa ba ta yi. Shiru. Ta ajiye ta dama. Ta danna ta biyu, ta uku. A ta huɗu sai ga wasu 'yan kumfa ƙanana kamar kan allura suna tasowa a jere.

"Ga ta nan, munafuka," ta ce, ta ajiye ta hagu.

Manaja ya ɗauke ta ya kai gaban taga. Sai da ya sa tabarau ya murza kafin ya hango tsagar, siririya kamar gashi. Irin wannan ce take fashewa a tsakiyar wasa, a yi ta gardama a kan maki. Kafin a jima ta ware guda bakwai. Wata lotsattsiya kuma da ta tsinto a kwandon shara, ta zuba mata ruwan zafi daga buta, lotsawar ta taso ta koma daidai a kan idonsu. Koci ya tsaya baki buɗe. Bai taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nata ba, kuma hannun da ya goye shi ne.

"A ina kika koyi wannan?" Manaja ya tambaya, ya riga ya tsuguna kusa da ita, wandonsa na shan ruwan da ya fantsama.

"Maigidana facin taya yake yi, Allah ya ji ƙansa. Shekara ashirin ni nake danna masa tiyub a ruwa, tun da idonsa ya fara rauni. Shi ya liƙa, ni in nemo hujin."

Manaja ya ce amin. Ya miƙe ya ciro makullin sito daga cikin nasa ya ajiye mata a kan tebur, ya ce daga yau kada wata ƙwallo ta hau tebur sai ta bi ta hannunta. Ya fita yana share gwiwa.

Koci ya durƙusa ya ɗauki tawul. "Yaya, ɗazu fa na ja baya na bar ki."

"Na gan ka." Ta miƙa masa jiƙaƙƙiyar ƙwallo ba tare da ta ɗago ba. "Ba don aikin kaɗai na yi ba, Auta. Tun da ya rasu ba wanda ya sake cewa in duba masa wani abu."